GYARAN MAMA BAYAN AN CIRE SHI: YADDA LIKITA YAKE GANE JINI NA GUDU

An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'ar Dagona da Gashuwa da Nguru da sauran garuruwan da ke bakin kogin Yobe, musamman matan aure da mazajensu, da ungozomomi, da ma'aikatan ɗakunan shan magani na karkara. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ciwon dajin mama, wanda waɗansu suke kira sankarar mama, shi ne ciwon dajin da ya fi kowanne kama mata a Nijeriya. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 ya kama mata wajen miliyan 2 da dubu 300 a duniya, fiye da 30,000 daga cikinsu kuwa a ƙasar nan suke. Abin baƙin ciki shi ne yawancin matanmu ba su isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Akwai nisan hanya, akwai rashin kuɗi, amma akwai kuma tsoro. Da zarar mace ta ji an ce ana iya yanke mata mama, sai ta ɓoye ƙullutun da ta ji, ta koma ga saƙe-saƙi da jiƙe-jiƙe, har sai abin ya fashe ya zama gyambo.

To, ya kamata jama'a su san cewa likitocin fiɗa suna iya sāke gina mama bayan an cire shi, ko a ranar da aka cire, ko bayan watanni, ko ma bayan shekaru. Nasarar wannan aiki kuwa ta rataya ne a kan gudun jini. Naman da jini ya isa gare shi ya rayu, wanda bai isa ba ya mutu. Saboda haka aka ƙago na'urori iri iri waɗanda suke nuna wa likita inda jini yake bi, tun kafin ya ɗauki wuƙa, da lokacin da yake cikin aiki, da kuma bayan ya ɗinke.

MENE NE GYARAN MAMA?

Hanyoyin gyaran manya guda biyu ne.

Ta farko ita ce a sa wata 'yar jaka mai taushi, cike da silikon ko ruwan gishiri, a ƙarƙashin fatar ƙirji ko ƙarƙashin tsoka. An fara amfani da jakar silikon a birnin Hustan na Amurka a 1962. Idan fatar da ta rage ba ta isa rufe jakar ba, sai a fara sa wata irin jaka wadda ake ƙara wa ruwa kaɗan kaɗan cikin makonni, har fatar ta miƙe.

Ta biyu ita ce a ɗebo fata da kitse daga jikin matar da kanta, galibi daga mara ko daga gadon baya, a kawo su ƙirji a tsara su da siffar mama. Za mu kira wannan naman da aka ɗauko "dashe", domin ya yi kama da dashen shinkafa ko na albasa a fadama. Wani likitan Italiya mai suna Tansini ya bayyana yadda ake rufe ƙirji da fata da tsokar gadon baya tun 1906. A 1982 likita Hartrampf na birnin Atlanta ya nuna yadda ake gina mama da fatar mara tare da tsokar ciki. A 1994 kuma likita Allen, shi ma a Amurka, ya bayyana yadda ake ɗauko fatar da kitsen da jijiyoyinsu kaɗai, a bar tsokar ciki a wurinta don kada cikin ya yi rauni.

A wannan hanya ta ƙarshe ana yanke jijiyoyin jinin dashen gaba ɗaya, sa'an nan a ɗinke su da waɗansu jijiyoyi da ke bayan haƙarƙari kusa da ƙashin ƙirji. Kaurin jijiyoyin bai wuce milimita 2 ko 3 ba, zaren ɗinkin kuwa ya fi gashin kai siranta, shi ya sa sai da madubin ƙara girman abu ake yin aikin. Yakan ci awa 6 zuwa 8.

Ɗauko nama daga wani sashe na jiki don a gyara wani ba baƙon abu ba ne a Arewa. A Asibitin Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, da irin wannan dabara ake gyara fuskokin yaran da ciwon noma ya cinye musu kumatu da leɓe. Haka kuma ake yi wa waɗanda suka ƙone da waɗanda suka yi haɗarin mota a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

DON ME JINI YA ZAMA ABIN LURA?

Mutumin Dagona ba ya bukatar dogon bayani a kan muhimmancin magudana. Kowa ya ga abin da ciyawar kacala ta yi wa hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru. Inda ta toshe hanya, gonakin da ke gaba sun bushe don ruwa bai iso ba, waɗanda ke baya kuma ruwa ya kwanta a cikinsu ya ƙi fita har shuka ta ruɓe. Haka abin yake ga dashe.

Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu kai jini daga zuciya, ɗauke da iskar oksijin da abinci, akwai kuma masu mayar da shi zuciya bayan ya gama aikinsa. Idan mai kaiwa ta toshe, dashen ya yi fari fat, ya yi sanyi, ya motse. Idan mai mayarwa ce ta toshe, jini ya taru a ciki, dashen ya kumbura, ya yi tauri, ya yi duhu. Wannan na biyu ya fi yawan aukuwa. Ko wanne ne ya faru, in ba a buɗe hanyar cikin 'yan awoyi ba, naman ya mutu.

Ba dashen kaɗai ake jin tsoro ba. Fatar ƙirjin da aka bari bayan an cire mama ita ma ta yi asarar yawancin jijiyoyin da suke ciyar da ita. Idan gefenta ya mutu, ɗinki ya buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga, in da jakar silikon a ƙarƙashi sai an cire ta. Mafi muni, ciwon da bai warke ba yakan jinkirta allurar daji da gashin na'ura, waɗanda su ne ake sa ran su kashe ragowar cutar. Ashe ke nan zancen gudun jini ya shafi ran majinyaciya.

DUBA DA IDO DA HANNU

Tun kafin a sami na'urori, likitoci suna da hanyoyi huɗu na duba dashe, kuma har gobe ba a bar su ba. Suna duban launinsa. Suna taɓa shi su ji ɗuminsa. Suna danna shi da yatsa su saki, su ga ko jini ya komo wurin cikin daƙiƙa 2 ko 3. In suna shakka sai su soke shi da 'yar allura: jan jini mai haske ya fito a hankali, alama ce ta lafiya, baƙin jini ya fito da sauri, jini ya taru, in ba abin da ya fito, jini ba ya isowa.

Amma akwai wata matsala da ta shafe mu. Yawancin littattafan da suka bayyana waɗannan alamu a kan farar fata aka rubuta su, inda ja da fari da shuɗi suke fitowa a fili. A baƙar fata sāke launi ba ya nunawa da wuri, wani lokaci sai abin ya riga ya lalace. Saboda haka na'urorin da za a ambata suna da amfani na musamman ga matanmu.

KAFIN RANAR TIYATA

Allah bai shimfiɗa jijiyoyin kowa iri ɗaya ba. A marar wata, babbar jijiyar da ke ratsa tsoka ta fito ga fata tana kusa da cibiya ta dama, a ta wata kuma tana hagu, a ta wata sai ƙanana barkatai. Matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ko wata tiyatar ciki, mai yiwuwa ne an riga an yanke waɗansu daga cikin nata. Dole likita ya san wannan kafin ya fara.

1. Na'urar Dofla ta hannu. An sa mata sunan wani masanin ƙasar Ostiriya, Doppler, wanda ya bayyana a 1842 cewa amon abu yana sākewa idan abin yana matsowa ko yana nisa, kamar yadda ƙahon mota yake sāke murya sa'ad da ta wuce mutum a kan titi. Na'urar ba ta fi 'yar rediyo girma ba, tana da kai kamar alƙalami. Tana aika amon da kunne ba ya ji cikin jiki, amon ya bugi jinin da ke tafiya ya komo, sai a ji shi yana "fuu, fuu" daidai da bugun zuciya. Da irinta ake sauraren zuciyar jariri a wurin awon ciki. Tana da araha, tana aiki da batir, ba ta cutarwa. Aibinta shi ne ba ta nuna girman jijiyar ko zurfinta.

2. Sikanin mai launi. Wannan shi ne irin hoton da ake yi wa masu ciki, amma an ƙara masa dabarar Dofla, har jini ya fito ja da shuɗi a kan allo. Yana nuna kaurin jijiya da saurin jinin da ke cikinta. Ba a yin allura, ba kuma hasken eksire. Sai dai yana cin lokaci, kyansa kuma ya dogara ga gwanintar mai riƙe da shi.

3. Hoton siti na jijiyoyi. Ana yi wa matar allurar wani ruwa mai aidin, sa'an nan na'ura ta ɗauki hoton cikinta yanka yanka, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da taswirar jijiyoyi duka. Likitocin Sifen ne suka fara ba da rahoton amfani da shi don wannan aiki a 2006. Yana rage tsawon tiyata, domin likita ya riga ya san inda zai nufa.

4. Hoton em-ar-ai. Shi da ƙarfin maganaɗisu yake aiki, ba hasken eksire a cikinsa. Yana da tsada, yana ɗaukar lokaci, kuma akwai waɗansu ƙarafa da in suna jikin mutum ba a sa shi a ciki.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga mutanen ƙasar Bade. Sanannen abu ne cewa ciwon ƙoda ya yi yawa a Gashuwa da kewayenta. Ruwan allurar da ake yi don hoton siti ta ƙoda yake fita, kuma yana iya ƙara wa ƙodar da ta riga ta raunana rauni. Na em-ar-ai ma yana da nasa haɗari ga mai ciwon ƙoda mai tsanani. Duk matar da za a yi wa irin wannan hoto ta gaya wa likita garin da ta fito, ta faɗa in akwai mai ciwon ƙoda a gidansu, kuma a auna jininta a ga lafiyar ƙodarta tukuna. In ƙodar ba ta da ƙarfi, sikanin mai launi yana iya biyan bukata.

A CIKIN ƊAKIN TIYATA

Hotunan da aka ambata suna nuna hanyoyin ne kawai. Bayan an ɗago dashen an ɗinke jijiyoyinsa, tambayar ita ce ko jini ya ratsa shi har gefe da gefe.

Koren rini. Wannan ita ce hanyar da ta fi yin suna a yanzu. Sunan rinin indosayanin, kamfanin Kodak ne ya haɗa shi a 1955, aka yarda a yi amfani da shi a jikin mutum a Amurka a 1959, da farko don auna aikin zuciya da hanta. Ana zuba kaɗan ta jijiyar hannu. Yana shiga sai ya manne da furotin ɗin da ke cikin jini, saboda haka ba ya tsiyayewa daga jijiya. Duk inda aka gan shi, jini ne ya kai shi. Sai a haska wurin da wani haske wanda idon mutum ba ya gani, rinin ya yi ƙyalli, kyamara ta musamman ta ɗauka ta nuna a kan allo. Cikin minti ɗaya likita ya ga haske yana bazuwa cikin dashen kamar yadda ruwa yake bin kwamin albasa. Wurin da ya yi haske yana samun jini, wurin da ya tsaya baƙi ba ya samu.

Da ganin haka likita zai yanke shawara nan take. Yana iya datse gefen da ba shi da jini ya yar, maimakon ya bar shi ya ruɓe a jikin matar. Yana iya warware ɗinkin jijiya ya sāke, ko ya ƙara wata jijiya mai mayar da jini. In fatar ƙirji ce ba ta da ƙarfi, yana iya fasa sa jakar silikon a ranar, ya bari sai fatar ta farfaɗo.

Hanta ce take tace wannan rini ta zubar da shi cikin matsarmama, ba ya bi ta ƙoda. Rabinsa yana barin jini cikin minti 3 zuwa 4, don haka ana iya maimaita gwajin a tiyata ɗaya. Baƙar fata ba ta tare wannan haske kamar yadda take tare wanda ido ke gani. Amma yana da iyaka. Ba ya ganin abin da ya wuce zurfin santimita ɗaya. Sanyin ɗaki, da faɗuwar ƙarfin jini, da waɗansu allurai masu tsuke jijiya, suna iya sa wuri mai lafiya ya fito baƙi, har a datse naman da dā zai rayu. Akwai aidin a cikinsa, saboda haka wadda aidin ba ya karɓarta ta faɗa tun da wuri. Kyamarar kuma tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba.

Kafin wannan akwai wani rini mai ruwan ɗorawa da ake dubawa da fitila ta musamman a cikin duhu. Yana daɗewa a jiki, yana rina fata da fitsari, ba a iya maimaita shi da wuri, shi ya sa aka rage amfani da shi.

Kyamarar zafi. Jini shi ke kai ɗumi ga fata. Wannan kyamara tana ɗaukar hoton ɗumin: wuri mai jini ya fito da haske, mai sanyi ya fito da duhu. Yanzu akwai ƙanana waɗanda ake maƙala wa wayar hannu. Ba allura, ba a ma taɓa jiki, kuma kuɗinsu bai kai na sauran ba, saboda haka sun dace da asibitocin da ba su da hali. Sai dai saman fata kaɗai suke gani, kuma iskar fanka ko zafin fitilar tiyata na iya ruɗa su. A lura: kyamarar zafi ba ta gano ciwon daji. Duk wanda ya ce zai duba wa mace daji da ita, kada a yarda, a tafi asibiti.

BAYAN AN ƊINKE

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari, domin a cikinsu ne jini ya fi daskarewa a wurin ɗinkin jijiya. Ma'aikatan jinya sukan duba dashen kowace awa, dare da rana, da ido da hannu da na'urar Dofla. A waɗansu asibitoci ana liƙa wa fata wani ɗan faifai mai auna yawan oksijin ɗin da ke cikin naman, in ya faɗi na'ura ta yi ƙara. A waɗansu kuma ana barin ɗan siririn kan Dofla a jikin jijiyar da aka ɗinke, a zare shi bayan 'yan kwanaki. In aka gane toshewa da wuri aka koma ɗakin tiyata, sau da yawa akan ceci dashen.

Wani lokaci, idan jini ya taru a dashe ya kasa fita, likitoci sukan sa masa matsattsaku su tsotse. Waɗannan matsattsaku kiwonsu ake yi musamman cikin tsabta, ana kuma haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada wani ya kuskura ya kamo na tafki ya sa wa ciwo.

ABIN DA YA KAMATA UWARGIDA TA SANI

Mama da aka gyara ba ya ba da nono, kuma jin taɓawa a cikinsa ba ya kai na dā. Gyaran ba ya maganin daji. Allura da gashi da komawa asibiti a kan lokaci suna nan dole. Ba kowace mace gyaran ya dace da ita ba, kuma ba tilas ba ne. Wadda ba ta so tana iya sa mama na roba ko na auduga cikin rigar mama, ta yi harkarta.

Wadda take so ta kiyaye waɗannan:

1. Taba tana tsuke jijiyoyin jini, ko ta sha ce, ko ta shaƙa, ko ta sa wa a baki, ko shisha. A bar ta aƙalla mako 4 kafin tiyata, maigida ma kada ya sha a ɗakin da take.
2. A gaya wa likita in akwai ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, ko ciwon ƙoda ko na hanta, da kowane magani da ake sha, har na gargajiya.
3. A faɗi duk tiyatar da aka taɓa yi, a kuma faɗa in ana da ciki ko ana son ƙara haihuwa.
4. A gyara ƙarancin jini tun kafin ranar. Kifi da wake da zogale da ƙwai duk suna samuwa a ƙasarmu.
5. Bayan tiyata kada a ɗaure ƙirji da zane tamau, kada a kwanta a kan dashen, kada a gasa shi da ruwan zafi ko garwashi, domin ba ya jin zafi sosai, yana iya ƙonewa ba a sani ba. Daka da ɗaukar ruwa da goyo sai likita ya ba da izini.
6. In dashen ya kumbura farat ɗaya, ko ya yi sanyi, ko ya ƙara duhu, ko ya fara wari, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Kafin ta sa hannu a takardar yarda, mace tana da ikon ta tambayi likita: Wace hanya ce ta dace da ni? Yaya za ku duba gudun jini a lokacin aikin? Wa zai riƙa duba ni da dare? In dashen bai kama ba, me za a yi? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya?

INA ZA A NUFA?

Matakin farko shi ne ɗakin shan magani mafi kusa, ko asibitin Gashuwa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Duk ƙullutun da aka ji a mama ko a hammata, ko jini daga kan mama, ko kan mama ya shige ciki, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, a kai a duba, ko da ba ya zafi. Ba kowane ƙullutu ne daji ba. Sai an ɗebi ɗan nama an auna ake tabbatarwa. In da bukata, za a ba da takarda zuwa manyan asibitocin koyarwa, kamar na Damaturu, ko Maiduguri, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. A can ne za a tambayi likitan fiɗa mai gyaran jiki. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na taimakon marasa hali masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. A nemi bayaninsa a ofishin jin daɗin jama'a na asibitin.

Maigida, wannan magana taka ce kamar yadda take ta iyalinka. Kai za ka ba da izini, kai za ka raka, kuma kalmarka ita ce za ta cire mata tsoro ko ta ƙara mata. Ciwon dajin mama ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare ko kwana tare. Masu unguwanni da dagatai da shugabannin mata su ma su taimaka wajen yaɗa wannan bayani a wuraren suna da biki.

Matar da ta zo da wuri, wani lokaci ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar mata mamanta. In ma an cire, fatarta tana da lafiya, jijiyoyinta suna nan, gyara ya yi sauƙi. Wadda ta jira har ciwo ya fashe, da ƙyar ake samun fatar rufe ƙirjin, balle ta gyara. Tun ran gini, ran zane. Kowace mace ta riƙa duba mamanta sau ɗaya a wata, bayan ta gama al'ada, in ta ji wani abu ta faɗa a ranar.